A Yi Mana Hanyar Inuwa A Gefen Badala, Amma A Fara Jin Ta Bakin Masu Tebur

Malam Edita,

Ina roƙon arziki ka ɗan sam mini fili domin in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda birnin Kano yake ta faɗaɗa kullum, amma inuwa tana ta ƙarewa a cikinsa. Ni dai ɗan tireda ne mai tebur a bakin titi, kuma ina ganin babu wanda ya kai mai tebur sanin darajar inuwa, domin kuwa a cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Kano, mu ne rana take ƙarewa a kanmu, mu da 'yan uwanmu mutanen karkara masu shigo da kaya gari a kan keke ko a ƙafa.

Abin da nake kira a yi shi ne hanyar inuwa. Ga wanda bai gane nufina ba, hanyar inuwa wata 'yar hanya ce da ake keɓewa a cikin unguwa saboda masu tafiya a ƙasa da masu keke da 'yan makaranta, a jera mata itatuwa dama da hagu, a sa mata bencina da magudanar ruwa da fitilu, a kuma hana manyan motoci bi ta cikinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, masu tafiya a ƙasa suka ƙaru, wasu ma suka fito da tsofaffin kekunansu suka kai wa mai faci. Amma har yanzu in za a yi aikin titi, mai mota ake tunawa, shi kuwa mai ƙafa sai dai ya riƙa raɓe-raɓe tsakanin kwata da A-daidaita-sahu, rana tana dukansa.

Wurin da na fi ganin ya dace a fara gwada wannan abu shi ne gefen badala. Tarihi ya nuna cewa Sarkin Kano Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwar, sarakunan bayansa irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta. A shekarar 2007 an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kayan tarihi na duniya a hukumar UNESCO. To amma duk wanda ya bi titin Jami'ar Bayero, daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya har Kabuga, ya san halin da badala take ciki. Wani wurin ruwan sama ya cinye ta, wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi gini, wani wurin an mai da gindinta bola da ba-haya. Filin da ba kowa a kansa ba ya daɗewa a Kano, ko dai shara ta cinye shi, ko a wayi gari a ga an kafa fegi. Idan aka mai da abin da ya rage na wannan fili hanyar inuwa, unguwannin da ke jikin badala sun sami wurin shan iska, ita ma badala ta sami masu tsaro.

Sai dai kuma, Malam Edita, ba tun yau ake dashen itatuwa a ƙasar nan ba. Kowace damina muna jin sanarwa a rediyo, a kafa rumfuna, a jera kujeru, babban baƙo ya durƙusa ya dasa itace ɗaya, a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a yi tafi a watse. In ka koma wurin bayan wata huɗu, sai ka tarar awaki sun cinye rabi, rani ya ƙone sauran, abin da ya rage shi ne allon da aka rubuta sunan babban baƙon. Dalili kuwa a fili yake, an ware kuɗin biki amma ba a ware kuɗin ban-ruwa ba, kuma ba a tambayi mutanen da ke kwana suke tashi a wurin ba, saboda haka babu wanda ya ɗauki itacen nan a matsayin nasa. Abu biyu ke nan da nake son jawo hankalin hukuma da jama'a a kansu: wa za a yi shawara da shi, kuma wa zai ɗauki nauyin itacen har ya tsaya da ƙafarsa.

Bari in fara da shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin injiniya ya ja layi ko ɗaya a takarda, ya kamata mai unguwa ya tara jama'a a filin makarantar firamare bayan sallar La'asar, a wurin da talaka zai shiga da silifas ɗinsa ba tare da an tare shi a ƙofa ba. A kira limamai da dattawa da ƙungiyoyin matasa, a kira masu shayi da masu faci da masu kayan miya da 'yan garuwa da masu yankan farce da masu sayar da rake. Mata kuma a bi su makarantun Islamiyya da suke zuwa a ji ra'ayinsu, domin su ne suka san lungun da 'ya'yansu ke tsoron bi da magariba. Waɗannan mutane su ne za su gaya wa injiniya inda ruwa ke kwanciya da damina, da inda yara ke tsallaka titi in an tashi daga makaranta, da hanyar da ake bi da gawa zuwa maƙabarta, da inda masu jaki da amalanke ke sauke kaya. Duk wannan ba ya cikin taswirar ofis.

Abin da ya fi ba mu tsoro mu masu ƙaramar sana'a shi ne, a ƙasar nan da zarar an ce za a ƙawata gari, to mai tebur ya fara ɗaure kayansa, don ya san shi ne sharar farko da za a kwashe. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba a nan kaɗai ba. A birnin Seoul na ƙasar Koriya ta Kudu, tsakanin 2003 da 2005, hukuma ta rushe wata babbar gadar sama, ta buɗe wani rafi da aka daɗe da rufewa da kankare, ta mai da bakinsa hanyar shaƙatawa mai tsawon kusan kilomita 6. Duniya ta yaba, baƙi suna ta zuwa kallo. Amma masu talla da ke bakin wurin an kwashe su zuwa wani tsohon filin wasa, bayan 'yan shekaru aka rushe filin aka sake tayar da su. Masu shaguna kuma aka yi musu alkawarin sabuwar kasuwa a can gefen gari, da aka gama ta sai kuɗin shago ya fi ƙarfin da yawa daga cikinsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu ma nan gida mun ga namu. A watan Yunin 2023 an rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata, magana ta je kotu, kotu ta ce a biya diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ban kawo wannan don in ce wane ne mai gaskiya ba, wannan aikin alƙalai ne. Abin da nake nunawa shi ne, filin jama'a in ba a tsayar da magana a kansa a bainar jama'a tun farko ba, wannan gwamnati ta ba da, waccan ta rushe, asarar kuwa a kan ɗan kasuwa da baitulmali take ƙarewa.

Don haka ra'ayina shi ne, a sa masu tebur a cikin tsarin tun daga ranar farko. A auna wa kowa wurinsa a gefen hanyar, a ba shi lamba da 'yar takarda, a ce masa ga itace biyu ko uku da ke kusa da teburinka, amanarsu tana wuyanka. In sun rayu wurinka ya tabbata, in ka bari sun mutu saboda sakaci, kwamitin unguwa ya ba wani. Wallahi, Malam Edita, mai shayin da ya san inuwar itacen nan ce za ta tara masa masu saye, ba zai bari akuya ta kusance shi ba, ko ruwan wanke kofunansa ne zai riƙa zuba masa. Babu maigadin da za a ɗauka da albashi ya yi wannan tsaro.

Na san wasu za su ce itatuwa maɓoyar 'yan daba ce da masu shaye-shaye. Gaskiya ne wurin da ya yi duhu kuma ba kowa yana jawo ɓata-gari, amma gindin badala a yadda yake yanzu ai shi ne ba kowa. Inda mai shayi da mai tsire da mai indomi suka kunna fitila har sha biyun dare, ɓarawo ba ya sakewa. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, a riƙa sassabe rassan ƙasa don a hango nesa, 'yan sintirin unguwa su sa wurin cikin zagayensu.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan abin. Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce za a fara da kilomita ɗaya kacal. In aka dasa itace a kowace mita 8, dama da hagu, ya kama itace 250. A ce kowane itace yana son jarka ɗaya sau biyu a mako da rani, ya zama jarka 500 a mako. In kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka 10, kura 50 ke nan a mako. Rani a Kano yana ɗaukar wajen wata bakwai, daga Oktoba zuwa Mayu, wato mako 30, saboda haka ana neman kura 1,500 a rani guda, kuma sai an yi haka rani biyu ko uku kafin saiwa ta kai inda za ta nemi ruwa da kanta. Kowa ya san nawa ake sayar da jarka a unguwarsu, sai ya buga ya gani. Wannan shi ne kuɗin da ba a taɓa sawa a takardar kwangila, kuma rashinsa ne ke kashe dashe. Amma a duba ta wani gefen: in akwai gida 500 a jikin wannan kilomita, kowane gida jarka ɗaya ce ta hau kansa a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu ɗari biyar fa?

A ganina nauyin ya kasu uku. Na farko na gwamnatin jiha ne, kuma shi ne fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka sai gwamnati ta fitar da takarda a rubuce, ta hannun hukumar tsara birane ta KNUPDA, cewa daga nan zuwa nan hanyar jama'a ce, ba a yanka ta, ba a ba da hayarta. A kafa duwatsun iyaka, a ba mai unguwa da dagaci da hakimi kwafin takardar. Tunda kuma badala tana ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, sai a nemi yardarta, ta faɗi tazarar da za a bari tsakanin itace da jikin ganuwa. Wanda yake ganin takarda ba ta da muhimmanci ya tambayi mutanen Yamai. Tun 1965 aka fara dasa wa birnin zoben itatuwa, akasari dogon-yaro, har ya kai wajen hekta 2,500, amma da gari ya matso, sai aka yi ta yanka shi ana gine-gine, wani babban ɓangare ya tafi. Itacen da aka yi shekaru ana reno, rana ɗaya gatari ke kayar da shi in filin da yake kai ya shiga kasuwa.

Nauyi na biyu shi ne aikin da ya fi ƙarfin talaka, wato magudanar ruwa da daɓen hanya da rijiyar burtsatse da fitilu. Wannan na ƙaramar hukuma ne da 'yan majalisarmu masu ayyukan mazaɓu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, to ga irin aikin da ya kamata mu riƙa tambayar ciyaman da kansila a kansa in sun zo neman ƙuri'a. Akwai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ƙungiyar unguwa mai rajista, mai asusu a banki, mai tsari a rubuce, ta fi samun kunnen irin waɗannan hukumomi a kan mutum ɗaya da ya je da baki.

Nauyi na uku namu ne, mu mutanen unguwa, kuma shi ne reno. Mun iya adashi, mun iya gayya, mun gina masallatai da makarantun Islamiyya da kuɗin karo-karo, mun sayi taransifoma da aljihunmu ba sau ɗaya ba. A buɗe asusu na musamman, mutum uku su riƙa sa hannu, ɗaya daga dattawa, ɗaya daga masu sana'a, ɗaya daga mata. Kowane ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci, a kuma manna takardar a bango kowa ya gani. Na taɓa zuba kuɗi a wata ƙungiyar gyaran kwata, aka tara abin da aka tara, har yau ba kwata ba bayani, kuma tun daga ranar duk wanda ya zo da littafin karo-karo a layinmu sai an yi masa kallon hadarin kaji. Rashin bayani shi ke kashe zuciyar masu bayarwa, ya fi talauci ɓarna.

Kuma bai kamata asusun ya dogara da roƙo har abada ba. A gina gidan wanka da ba-haya guda ɗaya a gefen hanyar, nesa da ganuwa, a ba da hayarsa, kuɗin ya shiga asusu. Da haka an rage ƙazantar gindin badala, an kuma sami kuɗin biyan 'yan garuwa. Masu tebur mu riƙa ba da wani ɗan abu a mako, wanda aka yi yarjejeniya a kansa, a ba mu rasit. Attajiran Kantin Kwari da Singa da Dawanau waɗanda suka tashi a waɗannan unguwanni, kowa ya ɗauki nauyin mita ɗari, ai malamai sun sha gaya mana dashen itace sadaka ce mai gudana. Aikin renon kuma a ba matasan unguwa, a biya su. A birnin Medelin na ƙasar Kolombiya, daga 2016 hukuma ta yi irin waɗannan hanyoyi guda 30 a bakin tituna da rafuka, ta ɗauki mutum 75 daga cikin marasa galihu ta koya musu aikin lambu suka zama masu kula da su, kuma masu awo sun ce zafin garin ya ragu da kusan digiri 2. Abin da na ɗauka a labarinsu shi ne, sun sa mai reno a cikin kasafi tun farko.

Game da irin itacen da za a dasa, a nan ne nake roƙon 'yan uwanmu na karkara su sa baki, don sun fi mu sani. Dogon-yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, an shigo da shi Borno a 1928, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Maiduguri ya ga yadda ya rufe titunanta. Yana jure fari, yana saurin girma. Maɗaci ma ga shi nan a tsofaffin titunan Nasarawa, ya yi shekaru yana ba da inuwa. A sa tsamiya jefi-jefi saboda jikoki. Amma a guji dasa ceɗiya da durumi kusa da ganuwa ko katangar mutane, saboda saiwarsu tana fasa gini, shi kuma turare yana da shan ruwa, kada a kai shi kusa da rijiya. A yi dashe da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don itace ya sha ruwan sama wata uku kafin rani, kada a jira sai ranar da babban baƙo ya sami sukuni. Kowane dashe a kewaye shi da tubali ko ƙaya tun ranar da aka sa shi a ƙasa, domin akuyar birni ba ta san doka ba.

Wani zai ce, ana fama da abin da za a ci, wa yake ta itace? Ina ganin mai wannan magana bai taɓa zubar da tumatir ko alayyahon da rana ta dafa masa kafin azahar ba, bai kuma taɓa ganin tsohuwa mai tallan fura ta zauna a gindin katanga tana haki ba. Inuwa jari ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Mai kuɗi yana da na'urar sanyaya ɗaki a gida da mota da ofis, mu kuwa itacen nan shi ne namu.

Daga ƙarshe ina kira ga masu unguwannin da ke jikin badala, da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, da shugabannin masu ƙananan sana'o'i, kada mu zauna jiran gwamnati ta kawo mana zane daga sama. Mu zauna mu tsara namu, mu ƙirga gidajenmu da teburanmu, mu buɗe asusu, sa'an nan mu ɗauki takardarmu mu kai wa hakimi da ciyaman da ɗan majalisa kafin damina mai zuwa. A fara da kilomita ɗaya tsakanin ƙofa da ƙofa. In ta rayu rani uku, sauran unguwanni da kansu za su zo tambayar yadda aka yi. Ita kuma hukuma ina roƙonta, in ta tashi taimakawa ta zo da takardar fili da bututun ruwa, ta bar katafila a gareji.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon jin kukan talakawa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda mai kishin garinsu,
Birnin Kano.